Waiwaye: Abin da ya sa sankarar hanta ta fi cin maza

A ƙauyukan Kano da Jigawa ba a rasa wanda ya taɓa ganin wannan ciwo. Magidanci ne a tsakiyar ƙarfinsa, ɗan shekara talatin da biyar ko arba'in, sai ya fara rama, gefen cikinsa na dama ya yi tauri, idanu su yi rawaya, ciki ya cika da ruwa. Wasu su ce shawara ce ta yi masa yawa, wasu su ce sammu ne. Kafin a kai shi Asibitin Malam Aminu Kano ko na Birnin Kudu, sau da yawa ƙari ya riga ya cinye hantar. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ƙanwarsa da suka tashi ɗaki ɗaya tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ta kashe shi, wato ƙwayar ciwon hanta mai jawo sankarar, amma ta tsufa lafiya.

Wannan bambanci kusan a ko'ina ake ganinsa. Maza suna kamuwa da sankarar hanta ninki biyu zuwa huɗu na mata. Ko ɗaukar ƙwayar ma ba daidai ba ne: binciken lafiya na ƙasa baki ɗaya da ake kira NAIIS, na 2018, ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma maza sun fi mata nesa ba kusa ba.

Ita ƙwayar, wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, shi ne ya fara gano alamarta a jini a 1965. A 1981 wani likitan Amurka kuma, Palmer Beasley, ya fitar da sakamakon bibiyar ma'aikatan gwamnati 22,707 a Taiwan, maza zalla, inda ya tabbatar cewa kusan duk waɗanda sankarar ta kama masu ɗauke da nau'in B ne. Nau'in C kuwa, wanda shi ma yake jawo sankarar, sai 1989 aka gano shi. An san mai laifi ke nan. Saura dalilin da ya sa yake zaɓen maza.

Da farko an ɗora abin kan halayya, wato giya da taba da maza suka fi sha. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta isa ba, domin tun da daɗewa masu gwaji da ɓeraye sun ga namiji ya fi mace yin ƙari a hanta, kuma idan aka fiɗiye shi haɗarin ya ragu. Ɓera ba ya shan taba. Hankali sai ya koma kan sinadaran jinsi da jiki yake yi da kansa: testosteron na maza da istirojin na mata.

A nan aka yi wani ɓatan hanya mai tsawo. A farkon shekarun 1970 likitoci sun ga ƙari a hantar marasa lafiyar da ake bai wa magungunan sinadarin maza, sannan a 1973 aka ba da rahoton wani ƙari, wanda ba sankara ba ne, a hantar matan da ke shan ƙwayoyin tsarin iyali na wancan zamani masu ƙarfin sinadari. Wannan ya sa aka zargi istirojin ma. Aka ɗauko tamoxifen, maganin da ke tare aikin istirojin a sankarar mama, aka riƙa bai wa masu sankarar hanta. Ƙananan gwaje-gwaje sun sa rai, amma babban gwajin da aka yi a Italiya, wanda ya fito a 1998, ya nuna bai ƙara wa kowa kwana ba.

Amsar ta fara fitowa daga Taiwan. A 1993 Yu Ming-Whei da Chen Chien-Jen suka nuna cewa mazan da testosteron ya yi yawa a jininsu sun fi fuskantar sankarar daga baya. A 2003 aka duba mata, aka ga wadda al'adarta ta ɗauke da wuri, ko aka cire mata ƙwayayen haihuwa tana da sauran ƙuruciya, haɗarinta ya fi na sauran. Ashe istirojin kariya yake yi.

Yadda abin ke gudana a cikin hanta shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Ƙwayar nau'in B tana da wasu wurare a jikin ƙwayoyin gadonta waɗanda mai karɓar testosteron, wato furotin da testosteron yake aiki ta hanyarsa, yake kamawa, kuma idan ya kama sai ta ƙara hayayyafa. An bayyana wannan a 2009. Ita ma tana da wani furotin, HBx, da ke ƙara wa mai karɓar testosteron ɗin kuzari. Kowanne yana rura wa ɗan'uwansa wuta, shekara da shekaru, kuma an san cewa yawan ƙwayar a jini yana tafiya tare da yawan haɗarin sankara. A jikin mace akasin haka ne: binciken 2012 ya nuna mai karɓar istirojin yana danne hayayyafar ƙwayar. Kafin nan, a 2007, ɗakin binciken Michael Karin a Amurka ya gano cewa istirojin yana hana wasu ƙwayoyin garkuwa na hanta fitar da IL-6, sinadarin kumburi. Da aka cire IL-6 daga ɓeraye, bambancin namiji da mace ya kusa ɓacewa. A nau'in C kuma, mata sun fi maza iya kawar da ƙwayar da kansu, hantarsu ta fi jinkirin yin tabo, amma bayan ɗaukewar al'ada tabon yakan yi sauri.

Mai karatu zai ce to a rage wa maza testosteron mana. An gwada. Magungunan da ke toshe sinadarin maza ba su taimaki masu sankarar da ta riga ta girma ba, kuma masana da yawa na ganin sinadarin yana ɓarnarsa ne a shekarun farko, kafin ƙari ya tsaya da ƙafarsa. Haka nan a Taiwan, har a cikin yara ƙanana, maza sun fi mata kamuwa, alamar cewa sinadaran balaga ba su ne duk labarin ba.

Mu a nan muna da ƙarin nauyi a rumbu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda aka gano bayan mutuwar talo-talo masu ɗimbin yawa a Ingila a 1960. Idan ta haɗu da nau'in B, haɗarin yana ninkuwa sosai. Namiji mai ƙwayar, mai cin ƙuli-ƙulin gyaɗar da ta lalace, abu uku ne suka taru a kansa. Matashin da ke sayen allurar gina jiki mai sinadarin maza ba bisa umarnin likita ba yana ƙara na huɗu da hannunsa.

Ina tsoron a karanta wannan a ce mata sun tsira. Ba su tsira ba. Tsohuwar da ta daina al'ada ta rasa wani ɓangare na kariyarta, kuma uwa mai ƙwayar tana iya bai wa jaririnta ranar haihuwa. Wanda ya kamu yana jariri, kusan tara cikin goma suna zama da ƙwayar har girma. Sauran yara kuma suna ɗauka ta askar da ba a tsabtace ba wajen aski, kaciya, tsaga ko cire beli.

Abin da ya rage sankarar a zahiri shi ne tare ƙwayar. Taiwan ta fara rigakafin jarirai a 1984, kuma sankarar hanta ta ragu a yaranta. Gambiya ta fara nata shirin a 1986. Nijeriya ta saka allurar cikin rigakafin yara a 2004. Nau'in C yanzu yana warkewa da ƙwayoyin sha na kimanin wata uku. Nau'in B ba ya fita gaba ɗaya, amma maganin tenofovir yana danne shi ga wanda likita ya ga ya dace, kuma ana son mai haɗari ya yi hoton ciki duk wata shida, namiji a yankinmu kuwa tun yana matashi, domin a Afirka ta Yamma ciwon ba ya jiran tsufa. Allurar farko ta jariri ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. A ƙauyukanmu mata da yawa a gida suke haihuwa, kuma sai bayan suna ake tunanin asibiti, don haka aikin kai jaririn a ranar farko yana wuyan uba da ungozoma.