Ziyarar Yini Ɗaya Zuwa Grand Canyon Tare da Ɗan Jagora: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin wuri ne Grand Canyon?

Makeken kwazazzabo ne a jihar Arizona ta Amurka, wanda kogin Colorado ya zaizaye cikin miliyoyin shekaru. Tsawonsa kilomita 446, zurfinsa ya kai mita 1,800 a wasu wurare. Ya zama gandun ƙasa, wato wurin da gwamnatin Amurka ta keɓe take karewa, a 1919. Bakinsa na kudu, inda galibin baƙi suke zuwa, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,100.

Daga wane gari ya fi dacewa a tashi?

Wannan ita ce tambayar da za a fara yi, tun kafin maganar kuɗi. Daga Las Vegas zuwa bakin kudu kusan kilomita 450 ne, awa huɗu da rabi zuwa, awa huɗu da rabi dawowa. Motar kan ɗauki mutane tun da asuba, ta sauke su da dare, abin da ake samu a bakin kwazazzabon bai cika wuce awa uku ba. Daga Flagstaff kuwa kilomita 130 ne kacal, awa ɗaya da rabi. Daga Williams akwai jirgin ƙasa da ke kai mutane cikin awa biyu da kwata. Wanda yake da hali ya kwana a Flagstaff ko Williams, ya fi morewa nesa ba kusa ba.

A lura da agogo. Arizona ba ta tura agogonta gaba lokacin zafi kamar yadda jihar Nevada, inda Las Vegas take, ke yi, don haka a hunturu tana gaban Las Vegas da awa ɗaya, lokacin zafi kuma su daidaita. Idan ɗan jagora ya ce a hallara ƙarfe uku, a tambaye shi ukun wace jiha.

Kamfanoni suna tallan Grand Canyon West, tafiyar awa biyu da rabi daga Las Vegas. Duk ɗaya ne?

Kwazazzabon ɗaya ne, amma wurin ba ya cikin gandun ƙasa. Filin ƙabilar Hualapai ne, su ke tafiyar da shi, can ne gadar gilashin nan ta Skywalk da aka buɗe a 2007 take. Ba laifi ga wanda lokaci ya ƙure masa, sai dai faɗin da ake gani a hotuna yawanci na bakin kudu ne. A karanta takardar tafiya da kyau kafin a biya.

Me ɗan jagora yake ƙara wa tafiyar?

Yana ɗauke wa mutum tuƙi da neman wurin ajiye mota, ya kuma san lokacin da cunkoso ke raguwa a Mather Point da Yavapai Point, wuraren tsayawa kallo a bakin kudu. Ƙaramar mota mai ɗaukar mutum goma zuwa sha huɗu ta fi babbar bas, domin ba a ɓata lokaci wajen jiran wanda ya maƙale a shagon tsaraba, kuma wasunsu kan kai har hasumiyar Desert View, wadda aka gina a 1932. A tambaya ko kuɗin shiga gandun da abincin rana suna cikin farashin. Wanda ba ya cin naman alade ya faɗa tun wajen yin rajista, don burodi mai nama a tsakiya aka fi rabawa.

Ana iya gangarawa ciki a yini ɗaya?

Ana iya taɓawa. Kai wa kogi a dawo a rana guda kuwa, hukumar gandun ta yi gargaɗi da kakkausar murya kada a gwada. Matsalar ita ce gangara ake fara yi, jiki na jin daɗi, hawa kuma ya zo a ƙarshe, bayan ƙarfi ya ƙare rana ta take. Hawan kan ci ninki biyu na lokacin gangarar: minti talatin ƙasa, awa ɗaya sama. Ga kuma iskar tudu mai ƙarancin iskar shaƙa, wadda ke sa mutum haki ko da ya saba da zafin Sakkwato.

A hanyar gangara ta South Kaibab, wurin kallo na Ooh Aah Point, kilomita ɗaya da rabi daga sama, ya wadatar. Babu ruwa ko ɗigo a wannan hanyar. A hanyar Bright Angel akwai wurin hutawa a kilomita 2.4, amma famfonsa ba ya aiki duk shekara, bututun ma kan fashe. Idan aka ci karo da ayarin alfadarai, a raɓe ta gefen dutse a tsaya cik har su wuce.

Me za a riƙa?

Ruwa lita biyu zuwa uku ga mai gangarawa, da abin taɓawa mai gishiri kamar soyayyar gyaɗa. Gishirin ba na marmari ba ne: wanda ya yi ta zufa yana kwankwaɗar ruwa zalla, gishirin jininsa kan ragu, sai tashin zuciya da ciwon kai da ruɗewa su biyo baya. Sai malafa, takalmi mai kama ƙasa, da rigar sanyi, domin safiya a saman kan yi sanyi ko da ƙasan kwarin zai haura digiri 40 da rana.

Wane lokaci ya fi?

Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba. Daga Yuli zuwa farkon Satumba hadari kan haɗu da rana tsaka. Da zarar an ji tsawa, a bar bakin dutse da shingen ƙarfe a shiga gini ko mota. Lokacin zafi kada a kasance cikin kwarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. A hunturu ƙanƙara kan daskare a saman hanyoyin gangara, sai an ɗaura wa takalmi ƙarafa masu haƙora.