Hoton ƙwaƙwalwar jariran da aka haifa da ciwon zuciya

Hoton ƙwaƙwalwar jarirai masu nakasar zuciya wani fanni ne na binciken likitanci da ke duba yadda lahanin da aka haifi yaro da shi a zuciya ke taɓa ginin ƙwaƙwalwarsa. Kusan jariri 1 cikin 100 ne ke zuwa duniya da irin wannan lahani. Akan kira shi da sunan "huji a zuciya", ko da yake ba kowane iri ne huji ba. Uwa ce kan fara lura: yaro ya kama nono ya saki, gumi na tsattsafo masa a goshi, wani lokaci leɓɓansa su yi shuɗi.

A da ana ɗora wa tiyata laifin jinkirin magana da wahalar karatun da ake gani ga wasu yaran bayan an gyara musu zuciya. Na'urar MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu, ta sauya wannan fahimta. A 2007 Steven Miller da abokan aikinsa a San Faransisko ta Amurka suka ɗauki hoton jarirai 41 kafin a yi musu aiki, suka iske 13 da rauni a zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. A 2009 Daniel Licht a Filadelfiya ya nuna cewa ƙwaƙwalwar jarirai masu lahani mai tsanani takan yi baya da kusan wata guda, ko da cikinsu ya cika wata tara.

Tushen matsalar tun a ciki yake. Jinin da ke tasowa daga mabiyiya ɗauke da iskar oksijin ya kamata ya fara wadatar da ƙwaƙwalwa. Idan manyan jijiyoyin zuciya biyu suka sauya wuri, ko ɓangaren hagu bai ginu ba, rabonta sai ya ragu a watannin ƙarshe, daidai lokacin da take girma da sauri.

Wajen ɗaukar hoton MRI, ba dole sai an yi wa jariri allurar barci ba. Akan shayar da shi ya ƙoshi, a naɗe shi da zane, a toshe masa kunne saboda ƙarar na'urar. Inda MRI ta yi tsada ko nisa, likita kan ɗora na'urar sikanin a kan maɗigar yaro. Tana nuna zubar jini, amma ƙananan raunuka sukan kuɓuce mata, shi ya sa bibiyar zaman yaro, tafiyarsa da maganarsa ke da muhimmanci shekaru bayan aiki.