Hazon Zariya da ƙananan halittun teku: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya bi hanyar Samaru da sassafe a watan Janairu ya san hazo: leɓe ya tsage, masu mota sun kunna fitila, tebur da aka goge jiya ya yi furu-furu. Wani kaso na irin wannan ƙura a tekun Atlantika yake sauka, inda ake jiransa kamar ruwan farko.

Su wa ke jiran ƙura a cikin teku?

Halittun da ido ba ya gani. A mililita 1 na ruwan saman teku, wato kimanin ɗigo 20, ana samun bakteriya wajen miliyan 1, bairos kuwa ya ninka haka sau 10. Galibinsu ba sa cutar da kowa. Wasunsu ma, irin su gansakuka, da hasken rana suke haɗa abincinsu kamar yadda ganye ke yi, kuma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga gare su take fitowa.

To me suke nema a ƙura?

Taki. Tsakiyar teku ruwa ne zalla, sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci. Akwai wata bakteriya, Trichodesmium, mai aiki irin na ƙwayoyin da ke cikin ƙurajen saiwar wake da gyaɗa: tana kamo naitirojin daga iska ta mayar da shi abin da sauran halittu za su ci. Manomin da ke shuka dawa bayan wake ya san amfanin wannan ko da bai san sunansa ba. Sai dai aikin ba ya yiwuwa sai da ƙarfe mai yawa, ƙarfen kuma ƙurar Sahara ce ke kawo shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne asalin ƙurar. Mafi yawan hazonmu daga kwarin Bodele yake tasowa, a ƙasar Chadi, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi ƙasa. Wurin tsohon gindin tafkin Chadi ne tun yana ƙato, kuma farar ƙasarsa ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu shekaru dubbai da suka wuce. Wato gawar na da ce ke ciyar da na yanzu.

Me ya sa sashe ɗaya na jami'a ba zai iya binciken shi kaɗai ba?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗauki Prochlorococcus, wata 'yar ƙaramar bakteriyar teku wadda ta fi kowace halitta mai amfani da hasken rana yawa a duniya. Ba a san da ita ba sai 1986, lokacin da Sallie Chisholm ta jami'ar MIT a Amurka da abokan aikinta suka hau jirgin ruwa da wata na'ura mai ƙirga ƙwayoyin halitta da hasken lesa, na'urar da asali don binciken likitanci aka ƙera ta. Yawancin waɗannan halittu kuma ba sa yarda su tsiro a ɗakin gwaji, sai a tace ruwa a karanta DNA, wato sinadarin gadon halitta, na duk abin da ya maƙale. Jirgin Tara na Faransa ya yi haka daga 2009 zuwa 2013, ya tattaro samfura kusan 35,000. Tsefe wannan tulin bayani aikin masu kwamfuta da lissafi ne, bin sawun ƙura na masana yanayi da tauraron ɗan'adam, auna ƙarfe na masu kemistiri.

Ɗalibin ABU, da ba shi da teku sai madatsar Kubanni, yana da wurin shiga?

Yana da shi, in dai ya dage da lissafi da kwamfuta, waɗanda ɗaliban bayoloji da yawa ke gudu. Bayanan DNA na Tara suna intanet kyauta. Tace ruwa da ciro DNA kuwa ana iya koyonsu da ruwan Kubanni. Ƙurar kanta ta nan take biyowa kafin ta isa gaɓa, don haka mai tara ta a kan rufin ɗaki a Samaru ya riga mai jirgi taɓa ta. Wanda ya matsu sai ya ga gishirin teku da idonsa, akwai NIOMR, cibiyar binciken teku ta ƙasa, a Legas, da cibiyar nazarin teku ta Jami'ar Kalaba.