Hutun tattaki da hawan keke a yankunan tsaunuka da tafkuna

Hutun tattaki da hawan keke wani nau'i ne na yawon buɗe ido wanda tafiyar kanta ita ce abin da aka fita yi. Matafiyi yakan shafe kwanaki, wani lokaci har mako biyu, yana ratsa karkara a ƙafa ko a kan keke, yana kwana a ƙauyuka, ko masaukan kan dutse, ko cikin tanti. Al'adar ta fi ƙarfi inda tsauni da tafki suka haɗu, kamar tsaunukan Alps a tsakiyar Turai da yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila. Akwai dalilin wannan haɗuwa: manyan tulin ƙanƙara da suka riƙa gangarowa daga tsaunuka dubban shekaru da suka wuce su ne suka kwarzane kwaruruka masu zurfi, da suka narke sai ruwa ya kwanta a ciki. Shi ya sa gaɓar tafkin, wadda ba ta da hawa sosai, ta zama rabon mai keke, gangaren da ke bisanta kuma ya zama na mai ƙafa.

Asali

Kafin ƙarshen ƙarni na 18, masu bin hanyoyin tsaunukan Turai galibi larura ce ke kai su: makiyaya, mafarauta, fatake da sojoji. Abin ya fara sauyawa bayan 1786, shekarar da Jacques Balmat da likita Michel-Gabriel Paccard suka kai ƙololuwar tsaunin Mont Blanc da ke Alps, mai tsayin kimanin mita 4,800. An kafa ƙungiyar masu hawan tsauni ta farko a Landan a 1857, ta Ostiriya ta biyo a 1862, ta Suwizalan a 1863. A shekarar ta 1863 ne kuma Thomas Cook, wani ɗan Ingila mai shirya tafiye-tafiye, ya kai ayarinsa na farko na 'yan yawon buɗe ido Suwizalan. Jirgin ƙasa ya kawo mutane bakin kwari, ƙungiyoyin kuma suka gina masaukai a can sama, suka shata hanyoyi.

Keke ya shigo daga baya. Sai da John Kemp Starley ya fitar da keke mai sarƙa, mai ƙafafu kusan girma ɗaya a 1885, John Boyd Dunlop kuma ya kawo taya mai iska a 1888, sannan tafiya mai nisa a kansa ta zama abin da kowa zai iya. Matasa marasa hali sun samu wurin kwana mai rahusa ne lokacin da wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, ya buɗe masaukin matasa na dindindin na farko a tsohuwar fadar Altena a 1912.

Wa ke da ikon bin hanya

Duk kyan tsauni, idan mai ƙasa ya ce ba a wucewa, hutu ya ƙare. A Ingila sai da aka kai ruwa rana. A watan Afrilun 1932 ɗaruruwan masu tattaki, akasarinsu ma'aikata daga Manchester da kewaye, suka kutsa tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu ƙasar suka keɓe don farautar tsuntsaye. An ɗaure biyar daga cikinsu. Dokar gandayen shaƙatawa na ƙasa ta zo a 1949, yankin tafkuna ya zama ɗaya daga cikinsu a 1951, amma sai a 2000 aka ba jama'a ikon yawo a buɗaɗɗun tuddai ba tare da bin shatacciyar turba ba. A Suwidin, Norwe da Finlan wannan 'yanci daɗaɗɗe ne, muddin mutum bai yi ɓarna ba, bai kuma matsa kusa da gidan mutane ba. Sikotlan ta rubuta irinsa a dokarta ta 2003.

Alamomi da lissafin tafiya

Suwizalan ce ta fi kowa tsara wannan fanni. Tana da hanyoyin ƙafa masu alama da suka kai kimanin kilomita 65,000. Allo ruwan ɗorawa na nufin hanya mai sauƙi. Fenti fari-ja-fari a jikin dutse na nufin hanyar tsauni mai buƙatar takalmi mai riƙo da tsayayyar ƙafa. Fari-shuɗi-fari kuwa na ƙwararru ne, inda akan kai ga kama dutse da hannu ko ɗaura igiya. Allunan awa da minti suke nunawa, ba kilomita ba, kuma wannan hikima ce, domin a tsauni hawa ne ke cin lokaci. Wani mai hawan tsauni ɗan Sikotlan, William Naismith, ya ba da ma'auni a 1892 wanda har yau ake aiki da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Ma'aunin bai lissafa hutu, nauyin jakar goyo ko gajiyar gwiwa a gangare ba, kuma a nan baƙi suka fi ruɗin kansu.

Fitattun hanyoyi

Zagayen Mont Blanc shi ne ya fi suna: kimanin kilomita 170 ta cikin Faransa, Italiya da Suwizalan, da jimillar hawa wajen mita 10,000, ana gama shi cikin kwana 10 zuwa 11. Masu keke kuwa sun fi son zagayen tafkin Konstanz, kimanin kilomita 260 ta Jamus, Ostiriya da Suwizalan, inda wanda ya gaji zai iya saka kekensa a jirgin ruwa ya yanke. Zagayen tafkin Balaton a Hangari da na tafkin Biwa a Jafan kowannensu ya kai wajen kilomita 200.

Yadda ake shirya shi

Wasu na bin ayari da ja-gaba, wasu na ɗaukar komai a bayansu. Tsari na uku shi ne kamfani ya kama masaukai, ya ba da taswira, ya riƙa kai kaya gaba da mota kowace safiya, matafiyi ya bi hanya shi kaɗai da 'yar jaka. Masaukan kan dutse galibi suna buɗewa daga tsakiyar Yuni zuwa Satumba, saboda dusar ƙanƙara kan daɗe a mashigai masu tsayi. Ana kwana a ɗaki ɗaya da baƙi, ana cire takalmin tafiya a bakin ƙofa, ana kashe fitila da wuri. A sanannun hanyoyi kuma wanda bai kama gado tun da watanni ba zai sha mamaki.

Keke mai batir ya sauya lissafi. A Tarayyar Turai, wanda injinsa bai wuce wat 250 ba, yake kuma daina taimako a gudun kilomita 25 cikin awa, ana ɗaukarsa keke ne kawai. Ya ba tsofaffi da marasa ƙarfi damar hawan da a da ya gagare su. Sai dai batir na hawar da mutum ne, ba ya koya masa sauka, kuma keken ya fi nauyi a kan birki.

Haɗari da rigingimu

Zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane hawan mita 1,000, don haka wanda ya bar bakin tafki da riga mai shara-shara zai iya tarar da sanyi mai ratsa ƙashi a sama. Hadari mai tsawa ya fi tasowa da la'asar a watannin zafi, shi ya sa masana hanya ke yin sammako. Ciwon tsayi, mai zuwa da ciwon kai da tashin zuciya, yakan fara daga wajen mita 2,500. Akwai kuma kaska a cikin ciyawa, da shanu masu 'yan maruƙa, waɗanda ba sa ƙaunar ganin kare. Lambar wayar neman agaji a faɗin Tarayyar Turai ita ce 112.

Yawan sawu na cinye hanya: ciyawa ta mutu, ruwan sama ya bi ta nan ya yi zaizaya. A yankin tafkunan Ingila har da jirgi mai saukar ungulu ake kai duwatsu sama don daɓe turbobin da suka lalace. Tsakanin mai ƙafa da mai keken tsauni ma ba a rabu da gardama ba, tun da irin wannan keke ya ɓullo a Kalifoniya cikin shekarun 1970. Jihar Baden-Württemberg ta Jamus ta hana keke bin hanyar daji da faɗinta bai kai mita 2 ba, a Ostiriya kuma ba a hawa keke a hanyoyin gandun daji sai inda mai wurin ya yarda.