Waiwaye: Coluche da Shingen Sa Hannu 500 a Faransa

Duk sa'ad da zaɓen shugaban ƙasa ya gabato a Faransa, sai gardamar sa hannu 500, wato adadin zaɓaɓɓun da dole su tsaya wa kowane ɗan takara, ta sake tashi: yaya mutumin da jama'a ke so zai kasa shiga takardar ƙuri'a? Wannan tambaya ta girmi yawancin masu yin ta yau. Tun 1981 ta bayyana, a kan wani ɗan barkwanci.

Michel Colucci, wanda duniya ta sani da Coluche, ya yi suna a shekarun 1970 da wandonsa mai ratsi-ratsi, da jan hanci, da bakin da ba ya raga wa manya. Ranar 30 ga Oktoba 1980 ya tara 'yan jarida a wani gidan wasa a Paris ya ce zai yi takara. Tsokana ce da farko. Kafin shekarar ta ƙare, ƙuri'ar jin ra'ayi ta ba shi kashi 16 cikin ɗari, dariya ta koma ciki. A watan Maris 1981 ya janye.

Masu ba da labarin sukan tsaya kan matsin lamba da barazanar da ya sha. Amma tun kafin ya buɗe baki an riga an ƙuntata ƙofar. Dokar 18 ga Yuni 1976, wadda ta biyo bayan zaɓen 1974 mai 'yan takara 12, ta ɗaga adadin masu tsaya wa ɗan takara daga 100 zuwa 500. Dole su kasance zaɓaɓɓu, irin su magajin gari da ɗan majalisa. Dole su fito daga larduna 30 aƙalla, kuma kada lardi guda ya ba da fiye da 50. Kowane zaɓaɓɓe mutum ɗaya kawai zai tsaya wa, ba ya janyewa. Mafi nauyi duka, a lokacin ana wallafa sunaye 500 a jaridar gwamnati.

Nan gizo ke saƙa. Yawancin masu wannan sa hannu magaddan ƙananan ƙauyuka ne, masu jiran tallafin gyaran hanya ko rufin makaranta. Mutum na iya faɗa wa mai jin ra'ayi cewa Coluche zai zaɓa, ba wanda ya gan shi. Magajin gari kuwa sunansa zai fito baƙi da fari kusa da na mai jan hanci, maƙwabta da jam'iyya duk su karanta. Coluche bai haɗa 500 ɗin ba, kuma da wuya wani marar jam'iyya ya haɗa su cikin 'yan watanni.

Ƙarfinsa sai ya koma wani wuri. A 1985 ya kafa ƙungiyar agaji ta Restos du Cœur, da ta raba abinci kusan kwano miliyan 8.5 a hunturun farko. Ya mutu a hatsarin babur a Yuni 1986. Dokar kuwa ƙara tsanani ta yi: tun gyaran 2016, sunan duk wanda ya sa hannu ake wallafawa, sau biyu a mako, tun ana cikin tattarawa.