Wai mene ne "depistaj" ɗin nan da ake ta jinginawa IA?

Tun da maganar IA, wato basirar na'ura da wasu ke cewa AI, ta shigo gari kowa ya zama lokotoro a fada. Shekaranjiya na ji wani a rediyo yana cewa wai yanzu na'ura ke depistaj na kansar huhu, mai shan sigari ya kwantar da hankalinsa, in tari ya matsa masa sai a haska shi inji ya faɗi abin da ke ciki. Nan fa raina ya ɓaci. Malam, in har kana tari wata da watanni ko kana tofar da jini ai ka wuce depistaj, mara lafiya ne kai, likita za ka nufa a bincika ka.

Kalmar ta Faransanci ce, a cikinta akwai "piste", wato sawu. Asali maganar mafarauta ce, bin sawun nama tun ba a hango shi ba. Wanda ya taɓa ganin masu bin sawu in an sace raƙumi wajen Tanut ko Gure ya san abin da nake nufi, tsoho ya duƙa bisa rairayi ya ce wannan da asuba ya wuce kuma yana ɗingishi da ƙafar baya, kai kuwa ba abin da ka gani sai ƙasa. Bai kama ɓarawo ba fa, hanya ya nuna, wani lokaci ma a bi sawun har la'asar a tarar raƙumin wani bawan Allah ne da ya je rijiya.

To haka depistaj yake, mai lafiya ake yi wa, wanda bai jin komi amma an san yana cikin haɗari. A Amurka ƙa'idar da suka sa a 2021 ita ce ɗan shekara 50 zuwa 80 da ya sha kwali guda kullum na shekara 20 (kwali biyu na shekara 10 ma lissafi ɗaya ne), yana sha har yanzu ko bai fi shekara 15 da bari ba, shi ake sawa a sikanar (injin da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka) mai ƙaramin haske sau ɗaya a shekara. Sikanar na ce, ba rediyon ƙirji, wato hoton X-ray da muka saba ba. Binciken da suka fitar a 2011 kan mutum sama da 53,000 ya nuna sikanar ta rage mutuwar kansar huhu da kashi 20 cikin 100 in aka gwada da rediyo. Amma abin da masu surutu ba su faɗi shi ne, cikin hotunan da aka ce akwai alamar wani abu, sama da kashi 90 ba kansa ba ce. Raƙumin rijiya ke nan.

Nan IA ke shigowa. An nuna mata dubban hotuna har ta saba, sai ta zagaye ɗan ɗigon da ido kan tsallake, ta auna shi, ta gwada da hoton bara ko ya girma. Akwai ma wata IA mai suna Sybil da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2023 mai ƙiyasin haɗari har shekara 6 gaba daga hoto guda. Da kyau, ban raina ba. Sai dai Sybil ɗin a hotunan wancan bincike na Amurka ta koyi aiki, mu kuwa nan tarin tibi ya bar tabo a huhun mutane da yawa, tsohon sawu ne da ke iya ruɗa ta. Ka ɗauko mai bin sawun rairayi ka ajiye shi kan duwatsun unguwar Birni a Damagaram ka ga. Hukunci dai sai an tsinko ɗan nama an duba.

Mai shayinmu, da kara a bakinsa, ya miƙo min wayarsa wai in sauke masa IA ɗin ya haska ƙirjinsa. Na ce sai da hoton sikanar take aiki. Ya tambayi kuɗin sikanar, da na kwatanta masa sai ya yi shiru ya ci gaba da fifita gawayi.