Sienna ba Corolla ba ce: amsar tambayoyin da ake ta yi mini a gareji

Na daɗe ina gyaran mota a Farin Gada, nan Jos. Tun da magidanta suka raja'a kan Sienna da Odyssey saboda yawan iyali, kullum tambayoyin nan ake maimaita mini. Ga amsa, kowa ya karanta.

Wai nawa ne nauyinta?

Sienna ƙirar 2004 zuwa 2010 tana kai kimanin kilo 1,900, ba kowa a ciki. Corolla tsararta kuwa kusan 1,200 ce. Tsakaninsu kusan buhun shinkafa 14 ke nan, tun ba ka ɗauki ko yaro ɗaya ba.

Me ya sa take shan mai haka?

Injin V6 ne, lita 3.3 ko 3.5, kuma duk tsayawa da tashi a cunkoson Terminus sai ya sake jan wannan nauyin daga farko. Motarka lafiyarta ƙalau, Alhaji. Ka daina figar ta kawai.

Ni fa ban ji wani nauyi ba in ina tuƙi.

Ai matsalar ke nan. Injin yana da ƙarfin da zai ɓoye maka nauyin, birki ne zai tona asiri. Ratar da ka saba bari lokacin kana jan ƙaramar mota ba za ta ishe ka ba yanzu. Ku daina manne wa Keke Napep a baya, don Allah.

Za mu Abuja da iyali, mota cike. Yaya zan sauka Hawan Kibo?

Wannan ita ce tambayar da nake so a riƙa yi mini, amma sai an dawo da birki a ƙone ake zuwa. Amsar ba ɗaya ba ce, ta danganta da lodinka, da lafiyar giyarka, da ko an yi ruwa. Abin da bai canzawa shi ne: tun kana sama, kafin gangarar ta ɗauke ka, ka rage gudu ka sauko da giya daga D zuwa 3. In ka ga har yanzu motar tana rinjayarka, ka taka birki ta lafa sosai, sannan ka ba ta 2. Injin zai ɗaga murya, kada ka tsorata, aikinsa yake yi, shi ke riƙe maka motar. In ƙirar 2011 ce zuwa sama, ka tura ta ɓangaren S ka rage da hannu. Birki kuma ka taka da ɗan ƙarfi ka saki, ka sake takawa ka saki. Ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa shi ke dafa shi. Na sha kwance tayar gaba in tarar da faifan birki ya koma shuɗi, ya fashe ƙanana-ƙanana kamar ƙasar fadama da rani. In man birkin ya tsufa ya sha danshi, zafi na iya tafasa shi, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa. To amma in giyarka dama tana fizga ko tana jinkirin shiga, kada ka je gwada ta a Hawan Kibo, a duba ta tukuna. In ruwa ake yi, ka sauya giya da wuri kuma a hankali, ba a tsakiyar kwana ba. Da ka ji ƙauri, nemi wuri mai faɗi ka tsaya ya huce, kada a watsa masa ruwa. Masu sa mota a firi don tattalin mai kuwa, ku ji tsoron Allah, da ran 'ya'yanku kuke ciniki.

Zan iya ɗora kaya a sama?

Katifa da jakunkunan tufafi, e. Buhun dankali, a'a, ƙasa zai zauna. Motar dama doguwa ce, nauyi a sama yana sa ta yi tangaɗi a kwana.

Bayanta ya zauna, in ƙara mata ƙarfe?

Ka rage kaya. A jikin ƙofar direba akwai takarda da ta faɗi iyakar abin da za ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya. Manya bakwai masu kilo 70 sun riga sun ci 490. Ka lissafa sauran da kanka.

Iska nawa zan sa wa taya?

Abin da ke jikin wannan takardar, galibi 35 a Sienna. A auna da safe taya na sanyi, ba mai faci ya buga ta da ƙafa ya ce ta yi ba.

Uwargida ce za ta riƙa kai yara makaranta, tana tsoron girmanta.

Hajiya, kwantar da hankalinki. Sitiyarinta da laushi, kuma kina zaune a sama kina hango hanya. Sati guda ya ishe ki sabawa. Ki fara taka birki da wuri, ki buɗe kwana kaɗan saboda tsawonta, in kuma kin biyo gangarar Polo zuwa Gada Biyu ki sa ta a 3 tun daga shataletale.